Malamar da Ta Yafa wa Talabijin Gyale

Ina neman afuwar manya. Ni ɗalibar sakandare ce, ban kai in yi rubutu a kan mamaci ba, amma na kasa yin shiru.

Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, muna cikin aji labari ya iso cewa Allah ya yi wa Malama Awadiyya rasuwa, malamarmu ta tarihi a makarantar unguwarmu ta Ard al-Liwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malama, ke kika kawo mana finafinan tsohuwar daular Rum. Kikan tsayar da fim ki ce mu daina kallon sarki, mu dubi bawan da ke tsaye bayansa da mafici, mu tambayi kanmu ina uwarsa.

Da Babana ya ji ana nuna kuyangi cikin tufafi shara-shara, sai ya zo da kansa zai cire ni daga makaranta. Ina tsaye bakin ƙofa. Ba ki yi musu da shi ba. Kika ba shi kujera, kika kunna wurin da ake kai wa maigida kuyanga, sannan kika yafa wa talabijin gyalenki, kamar yadda kika saba yi mana a irin wannan wuri. Sauti kawai ya rage, kiɗa mai taushi da dariyar maza.

Kika ce, "Malam Lawali, ka ji muryarta?"

Ya ce, "Ban ji ba."

"Mai fim ya sa kiɗa ne don a ɗauka soyayya ce. Yarinyar nan sayo ta aka yi, babu wanda ya tambaye ta. Abin da nake so 'yarka Zeinabu ta gane ke nan."

Sai Baba ya ce, "Khalas, shi ke nan, Malama. Amma gyalen nan kada ya sauka."

Da aka dawo daga maƙabarta bayan jana'izarki, Baba ne da kansa ya ce mini ba fashi, gobe in koma aji.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Tarig da 'yarki Dalia, Allah ya ba su haƙuri. Akwai alherinki da ban iya faɗa yau ba. Idan iyalinki sun yarje mini, ina roƙon izinin sake rubutawa wata rana.