Malam Jaji Mai Kemis, Wanda Ya Ƙi Yi Mana Allura

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, muna gona muna cirar gyaɗa, muka ji sanarwa daga lasifikar masallacin Rijiyar Ɗinya: Allah ya yi wa Malam Jaji mai kemis rasuwa a asibiti a Kano, bayan fama da ciwon ƙoda tun farkon damina, za a yi jana'iza bayan la'asar. Mijina Yaro ya ajiye fartanya, ya zauna a kan kunya. Daga Allah muka fito, wurinsa kuma za mu koma. Haka na ji ana ta faɗa a ƙofar gidanka, Malam Jaji, ni ma na faɗa tare da su.

Malam, ni ce Jemima, wadda kake kira Maman Dorathy. Kai masallaci kake zuwa, mu coci, amma katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu shekaru masu yawa. Shi ya sa na ga ba zan yi shiru ba.

Iyayenka mutanen Borno ne da suka daɗe a Ungogo. A can ka tashi, ka yi aiki a wani babban shagon magani a birni, sannan ka dawo ƙauyenmu da matarka Kaltum. Kafin zuwanka, ranar kasuwa muke sayen magani a faifan 'yan talla, ƙwayoyi ja da rawaya a cikin rana, babu mai sanin sunansu. Da ka kama shago, sai muka ga wata ya shige ba ka buɗe ba. Ka sa siminti, ka buga silin saboda zafi, ka kafa kantoci, kana ta zirga-zirga zuwa Kano. Mutane suka ce jarinka ne ya ƙare. Ashe lasisi kake jira daga hukumar da ke kula da masu sayar da magani, kuma ka ƙi sayar da ko ƙwaya ɗaya kafin ya fito.

A bakinka muka fara jin cewa kemis irin naka yana da iyaka. Farasitamol, maganin zazzaɓin cizon sauro, na tsutsar ciki, gishiri da sukari na masu gudawa, man zafi, waɗannan an yarda ka sayar, su ma a cikin kwalinsu, da lambar hukuma, kuma kwanansu bai ƙare ba. Amma allura, ƙarin ruwa, da duk maganin da sai likita ya rubuta, ba naka ba ne. Duk shekara kana tafiya sabunta lasisin da zaman bita, ka dawo ka zauna a benci kana ba mata labarin abin da ka koyo. Samarin da suka zo neman ƙwayar ƙarin ƙarfin noma ba ka kore su da zagi ba. Ka kan ce su zauna, ka tambaye su lafiyar iyayensu, har kunya ta tashe su.

Gaskiya ba kowa ya so wannan hali ba. A wurinmu, wanda bai sha allura ba gani yake ba a yi masa magani ba. Da yawa suka koma wajen masu yi a ɓoye, kai kuma ka haƙura da ɗan cinikin da ya samu.

Ranar da 'yata Dorathy ta kamu da jijjiga tana ƙarama, ranar kasuwa ce, shagonka cike da mutane. Yaro ya shigo da ita a kafaɗa, idanunta sun juye.

Ya ce, "Malam, don girman Allah ka yi mata allura."

Ka taɓa goshinta, ka buɗe idonta ka duba, ka ce, "Yaro, ban san abin da ke jikinta ba, kuma ba a ba ni izinin allura ba. In na yi mata, hankalinka ne zai kwanta, ba ciwonta ba. Tashi mu tafi."

Ka sallami masu saye, ka rufe shago, ka ɗauke su a babur ɗinka zuwa asibitin Kunci, ni na biyo baya a motar kasuwa. A can aka ce zazzaɓi ya shanye mata jini, sai an ƙara. Na mahaifinta bai dace ba, ni kuma ina da tsohon ciki. Ba ka jira an roƙe ka ba, ka naɗe hannun riga aka ɗebi jininka. Yau Dorathy tana da 'ya'ya biyu a Bacirawa. Da na kira ta na gaya mata rasuwarka, sai ta fashe da kuka.

Amma ba kullum abin ya zo da daɗi ba, kuma na san ba za ka so in ɓoye ba. Wata damina amai da gudawa suka kama Baba Hashimu, dattijon da ke gabas da rijiya. Ɗansa Sama'ilu ya zo da gudu ya ce ka sa masa ƙarin ruwa, shi zai nemo ledar ruwan. Ka ƙi. Ka haɗa ruwan gishiri da sukari, ka nemo mota, ka shiga baya kana ba tsohon da cokali. Sai kuka tarar rafi ya kawo, mota ta kasa hayewa. Kafin ruwa ya janye, Baba Hashimu ya cika a kan cinyarka.

Garin ya ɗauki magana. Wasu suka ce takarda ta fi maka ran mutum. Sama'ilu ya daina gaishe ka. Bayan sadakar bakwai ka shigo zaurenmu ka zauna, ka ce wa Yaro, "Na yi ta tambayar kaina. Da na sa masa, wataƙila ya tashi, wataƙila kuma ni ne zan ƙarasa shi, domin ban iya ba. Ban san amsar ba, Yaro. Abin da na sani, bai kamata rafi ya raba mu da wanda ya iya ba."

Na sha tunanin wannan magana. Dokar tana da gaskiya, domin mun binne waɗanda allurar marasa sani ta kashe, muna kuma da yaron da ta shanye wa ƙafa. Amma waɗanda suka rubuta ta, asibiti yana kusa da su. Nauyinta a kan mutum irinka yake sauka, wanda maƙwabcinsa zai tsaya a gabansa yana roƙo, shi kuma ya ce a'a.

Ba ka karya dokar ba bayan wannan, ba ka kuma naɗe hannu ba. Ka yanki gonarka ta bakin hanya, wadda ta fi kowacce ba ka dawa, ka ce a gina ɗakin shan magani. Ka bi mai unguwa, ka bi liman da fasto, ka yi ta sintiri a sakatariyar ƙaramar hukuma har aka yi alkawarin turo ma'aikaciyar jinya. Ranar da aka fara aikin ginin, sai ga Sama'ilu da amalanken shanunsa cike da yashi. Ya juye ya koma ɗebo wani. Da yamma ka miƙa masa ruwa, ya karɓa ya sha. Tun daga lokacin, allura da ƙarin ruwa a cikin gari ake yi mana, a hannun wadda ta koya.

Yanzu shagonka a rufe yake. Kaltum ta gaya mini cewa a gadon asibiti ka ja mata kunne: kada kowa ya buɗe, domin lasisi ba gona ba ne da za a gada, da sunanka aka bayar, da kai zai tafi. Ka ce a jira 'yarka Amsa, wadda ta gama makarantar koyon aikin lafiya, ta nemi nata. Ta riga ta fara bin hanyar Kano. Kafin nan, ko maganin ciwon kai sai mun aika Kunci, kuma ban ji wanda ya yi ƙorafi ba.

Allah ya jiƙanka, Malam Jaji. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya saka maka da alherin da ka yi wa Musulmi da Kirista ba tare da ka tambayi kowa addininsa ba. Ina miƙa ta'aziyyata da ta Yaro ga Yaya Kaltum, da Amsa da ƙannenta, da danginka na Ungogo, da dukan mutanen Rijiyar Ɗinya. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya raya abin da ka bari, ya sa mu ma mu cika da kyau idan tamu ta zo. Amin.

Jemima Yaro
Rijiyar Ɗinya, Kunci