Shanyar Katunan Injiniya Sabo

Akwai ranar da har yau ba ta bar raina ba, a daminar shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Lokacin ni lebura ne mai riƙe sandar awo, da yamma kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a Karaye.

An haɗa ni da Injiniya Sabo, ɗalibi mai neman digiri na biyu. Aikinsa lissafin nauyin da gada za ta iya ɗauka a wani rafi kan hanyar Rogo. Abin da muka auna yakan rubuta a littafi, ya kai Zariya a huda shi a jikin katuna, na'ura ta karanta ta yi lissafin. Saura kwana tara ya miƙa aikin, in ya wuce a janye masa tallafin karatu.

Ran Laraba ya tafi ta'aziyya Yammedi, ya bar mini kwalin katunan da littafin. Bayan azahar ruwa ya kece, rufin ɗakin da na ajiye su ya yi yoyo a kan kwalin. Tawadar littafin ta narke, katunan kuma suka jiƙe. Sai na tuna malaminmu na allo. In littafinsa ya jiƙe, yakan baza warƙoƙin a tabarma, in sun bushe ya bi kalmar da ke ƙasan kowace ya mayar da ita gurbinta. Washegari na shanya katunan a tabarma a rana ɗaya-ɗaya, har ina jin na yi abin kirki.

Da Injiniya ya dawo ya tsaya a bakin tabarmar.

"Malam Garba, wanne ne na farko?"

"Ranka ya daɗe, ai kai ka san karatunsu."

"Ban sa musu lamba ba." Ya ɗauki ɗaya, ga katin ya lanƙwashe kamar busasshiyar kuɓewa. "Ko na jera su, na'ura ba za ta karɓi wannan ba. Da a kwalin suka bushe a danne, da sun yi."

Na durƙusa.

"Tashi, Baba. Ni ne ban taɓa zaunar da kai na yi maka bayani ba."

Kwana uku yana ƙoƙarin jerawa ina miƙa masa, sannan ya haƙura. Daga baya na ji ya kama koyarwa a garinsu.

Tun ranar, in an ba ni ajiya a wurin aiki, sai na tambayi abin da ke ɓata ta. Ku ma manya, ku riƙa gaya wa na ƙasa.

Abin da ya salwanta: kwali ɗaya na katuna, littafi ɗaya, awon rani biyu, da karatun mutum guda.