Ruwan Furen Inna Bai Tsayar da Jinin Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa da tsofaffin ɗalibaina. Na daɗe ban ce uffan ba a shafin nan, labarin da zan ba ku kuwa ya haura shekara arba'in ina ɓoyonsa. Abin da ya tunzura ni, tallar wasu 'yan kwalabe da nake ta gani a waya, wai ruwan furanni daga Turai, maganin kowace cuta. Ni na sha shi tun kafin a haifi masu tallar, kuma saura ƙiris in mutu.

A tsakiyar shekarun 1970 ne, ina makarantar horon malamai, gidanmu a Ƙofar Kibo. Tari ya kama ni, sai zazzaɓin yamma, sai zufa har zanina ya jiƙe sharkaf.

Malamarmu 'yar Wusasa, Malama Rahila, ta ɗauka fargabar jarrabawa ce. Ta ba ni wata 'yar kwalba da wata Baturiya ta bar mata. Ta ce, "Asalinsa wani likita ne a ƙasarsu ya ajiye aikin asibiti ya koma ƙauye, yana tsinko furanni ya zuba a kwanon ruwa, ya bar shi a rana. Na tsoro da damuwa ne, ki ɗiga a harshe."

Da aka yi hutu na ba Inna, mahaifiyata, labarin. Kalma biyu kawai ta riƙe, likita da fure.

Ni ce 'yar fari. Yaran yanzu ba za ku gane ba. Inna ba ta faɗin sunana, sai "ke" ko "yarinyar nan". Baba ma in na gaishe shi, bango yake kallo ya amsa. Kakata ce mai bakin magana a kaina, ita kuwa ta rasu a daminar shekarar. Uwa ta ce a kai 'yar farinta asibiti? Abin faɗi ne a unguwa, a ce ba ta da alkunya.

Sai ta koma wa fure. Na lalle, na dalbejiya, na rimi in an samo. Ta zuba a tasa, ta ɗora a kan katanga, rana ta buga, ta tace. Ba ta miƙa mini, sai ta ajiye a ƙofar ɗaki ta ce, "Wani ya sha wannan."

Na sha har ƙamshin lalle ya riƙa tayar mini da zuciya.

Ban koma makaranta ba. Na rame, awarwaro yana zarcewa har gwiwar hannu. Sai jini ya fara biyo tarin. Ina tofawa a tsumma in cusa ƙarƙashin tabarma, Inna tana ɗaukewa ta wanke, ni da ita ba mai cewa komai. Wallahi na fid da rai. Ina kwance ina jin numfashina yana ƙugi, ina roƙon Allah ko dai sauƙi ko ya ɗauke ni in huta. Na ji haushinta ƙwarai, ina ganin tana kallo zan mutu saboda bakin mutane.

Ranar wata Juma'a jinin ya ɓalle, ta baki ta hanci, har cikin tasar furen. Baba na zaure da baƙi bayan an sauko daga masallaci.

Inna, matar da ko soron tsakiya ba ta leƙawa, ta fita ba mayafi. Daga ɗaki na jiyo ta.

"Malam, Hauwa za ta mutu! Hauwa'u ce fa! Ka tashi!"

Sai ƙarar takalman Baba.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙirji, aka gwada majina. Likita ya ɗaga hoton a fitila ya ce, "Tarin tibi ne. Huhun hagu ya tafi. Ina kuka ajiye ta duk watannin nan?" Baba ya sunkuyar da kai.

Aka kwantar da ni ɗakin masu tari, kwanona daban, cokalina daban. Allura kullum da safe har mazaunaina suka kumbura, ƙwayoyi tafin hannu guda. Gadon da ke kusa da ni mata biyu aka fitar a lulluɓe. Baba ya sayar da kekensa saboda kuɗin mota da madara da ƙwai.

Malama Rahila ta zo tana kuka. "Ni na jawo miki, Hauwa. Ban taɓa cewa yana maganin tari ba." Na ce na sani, Malama.

Na yi watanni kafin a sallame ni, na fi shekara ina shan magani. Allurar ta kashe mini kunne ɗaya. Amma na tashi, na koyar, na haifa, ga jikoki.

Na gode wa Allah. Na gode wa nas-nas ɗin da ba su ƙyamace ni ba, da Malama Rahila, da Baba, Allah ya jiƙansa.

Shawarata: tarin da ya wuce mako biyu, a je a gwada majina. In an fara magani kada a yanke don an ji sauƙi. Ruwan fure, ko na kwalba ko na tasa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Iyaye kuma, in ɗanku na ciwo ku buɗe baki, ko na fari ne.

Inna ta koma kiran "ke" har ta bar duniya, matan unguwa kuwa sun daɗe suna yi da ita. Ku sa ta a addu'a. Sau ɗaya tak ta kira sunana, shi ya sa nake raye ina rubuta muku wannan.