Ƙwan Kifin da Na Ba Baƙo a Bakin Dajin Ruma

Ko da tsufa ya cinye mini komai, ba zai cinye kwana bakwai ɗin da wani Bature ya yi a bukkata ba. Wannan kuwa tun kafin Nasara su ci ƙasar Katsina ne.

Ni maharbi ne. Shekarar da agana ta ɗauke matata da 'yata tilo, sai na tattara na koma bakin daji, bayan Ruma. Ban yi faɗa da kowa ba, ta'aziyya ce ta ishe ni. Sai in yi wata guda ban buɗe baki ba in ba a salla ba.

Wata rana da hantsi sai ga ayari ɗauke da mutum a kan amuku, gadon ɗaukar marar lafiya, fari fat, zazzaɓi ya kayar da shi. Tafintansa ya yi mini sallama ya ce, "Sarkin baka, don Allah ka riƙe mana shi, mu je Katsina neman magani. Kwana uku ke nan bai sa komai a ciki ba. In bai ci ba, gawa za mu tarar."

Haka suka bar mu, ni ba na jin Turanci, shi ba ya jin Hausa. Na harbo barewa na gasa masa hanta, rabon babban baƙo. Ya kau da kai. Na dama fura, ya kau da kai. Raina ya ɓaci, har na ce a zuci wannan mutum ya cika tsirfa, alhali tsoro ne ya kama ni kada ya mutu a hannuna.

Rana ta uku na kamo kifi a tafki. Ina gyarawa na tarar da ƙwai, na gasa shi daban a kan ganye, na ajiye gefe. Rabon 'yata ne, hannuna bai daina ware mata ba. Sai na ga baƙon ya ɗaga yatsa yana nunawa.

Na daɗe a tsugune. A wurinmu ƙwan kifi abincin yara ne, abin kunya ne ka miƙa wa baƙo. Kuma ban taɓa ba kowa nata ba. Daga ƙarshe dai na miƙa. Ya cinye tas, ya faɗi wata gajeriyar kalma. Na ce, "Ƙwan kifi." Ya maimaita a karkace, na ji dariya ta kufce mini, har na tsorata da muryata.

Daga nan ya fara cin abinci. Ya nuna fatar barewar da na shanya, ya faɗi sunanta da harshensu, na faɗi da namu, muka wuni muna yi.

Da tafinta ya dawo na tambaye shi kalmar da baƙon ya kira barewa da ita. Ya ce, "Ai ba barewa yake nufi ba. Wata dabba ce ta ƙasarsu, ƙahonta na da rassa kamar itace. Gida yake tunawa."

Suka tafi da shi a kan doki, da ransa. Na riƙa maimaita kalmominsa nan biyu, ta ƙwan kifi da ta barewa, ni kaɗai, amma babu mai amsa mini, kafin damina sun ɓace. Ranar da na lalube su na rasa, na yi kuka sosai, na ɗaure kayana na koma cikin gari.

Abin da na koya shi ne, magana ba ta zama a bakin mutum ɗaya. In ba ka da wanda za ka faɗa wa, har sunan abin da kake so sai ya gudu ya bar ka.