Ɗaurin Masara na Ƙarshe

A madafin gidanmu na unguwar Turaki, sama da murhu, Dada take rataye masarar iri don hayaƙi ya kore mata ƙwari. Dada kakarmu ce, mahaifiyar Baba. Kowace shekara ɗauri uku take ajiyewa, kuma a ƙarƙashinsu muke zama bayan magariba tana yi mana tatsuniya, tuwo na kan wuta. A shekarar casa'in da bakwai, ina aji biyar a firamare, na fara jin tsoron ɗaga kai in dubi wurin, domin ɗauri ɗaya ya rage.

Baba masinja ne a sakatariya, amma gonarsa ta bakin kogin Mayo Gwoi ce ke ciyar da mu tara. Ruwan farko ya sauka, ya shuka ɗauri ɗaya, rana ta ƙone tsiron. Aka sake yin ruwa, ya shuka na biyu, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Sai ranar wata Laraba aka kwana ana tafka ruwa, gari ya waye kowa na wasa fartanya. Baba ya ce jibi zai sauke na ƙarshe.

Matsalar ita ce Baba ɗan fari ne. Dada ba ta kiran sunansa, ba ta dubansa ido cikin ido, balle ta ce masa kada ka yi. Ko ruwan sha za ta ba shi, ni take aika. Da yammar nan yana zaune bakin ƙofar madafi yana ƙara wa ƙotar fartanya ƙusa, sai ta tattara mu, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

“Ku matso, ga wata ta zo muku daga nesa,” in ji ta. Hausar Dada ba ruwanta da mace ko namiji, mun sha yi mata dariya, amma ran nan ba wanda ya ko murmusa.

Wai a can ƙarshen duniya akwai wata tsohuwa mai tukunyar ruwa, faɗinta ya fi tafiyar wata uku. Tururin tukunyar ne ke zama hadari, iska ta raba wa kowace ƙasa nata. To tsohuwar tana da mantuwa. Bayan ’yan shekaru sai ta cusa itace ya yi yawa, ruwan ya yi zafi, hadarin duniya duk ya tafi can jin ɗumi. Masu zama kusa da ita ruwa ya cinye musu gidaje, mu na nesa sai ɗan abin da ya ɓalle ya zo ya yayyafa mana ya koma. In ta farga kuma sai ta zare itacen gaba ɗaya, tukunya ta huce, hadari ya dawo a guje har kogi ya shiga gonaki.

Ƙanena Sale ya ce, “Dada, to ruwan jiya fa?”

“Wannan baƙo ne, ya zo gaisuwa. Mai hankali ba ya ba baƙo ’yarsa na ƙarshe. Yana jira sai ruwa ya kwana uku cikin mako ɗaya.”

“In bai kwana ba fa?”

Tana juya tuwo ta amsa. “Shekarar da aka haifi wani mutum a gidan nan, kakanku bai jira ba. Ganye muka ci har kaka. Nono ya ƙafe mini, wannan mutum yana kuka, ba ni da abin ba shi.”

Ƙarar ƙusa ta tsaya. Ban waiwaya ba, amma na ji Baba ya jingine fartanya ya fita.

Jibi ta zo, masara na nan a rataye. Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin masu nauyinsu ba. Gonar maƙwabcinmu Baba Danjuma ta yi kore shar, tamu jar ƙasa kawai. Mutane suna tare Baba a hanya suna tambaya ko ya bar noma ne. Inna ta rage mudun tuwo ba ta gaya wa kowa ba. Ni kuwa haushin Dada nake ji, ina cewa a raina tsohuwa za ta kashe mu da yunwa saboda tatsuniya. Ita ma ba ta da tabbas, don na sha kama ta da asuba a tsakar gida tana duban gabas, bakinta na motsi.

Sai sama ta bushe kusan mako uku. Tsiron Baba Danjuma ya nannaɗe ya kwanta, ba wanda ya yi murna da hakan. Da ruwa ya zauna sosai Baba ya shuka, a makare. Amfanin bai kai na bara ba, amma mun ci, Dada ta rataye ɗauri uku, ta aika wa Baba Danjuma ɗaya.

Sai da na shiga kwaleji na ji labarin tekun Pasifik, wanda ruwansa kan ɗumama ya kuma huce duk bayan ’yan shekaru, abin da ake kira El Nino da La Nina, har damina ta rikice a ƙasashen da ba su taɓa ganinsa ba. Dada ba ta san teku ba, shekarun yunwa kawai ta ƙirga. Na daɗe ina ɗauka darasin haƙuri ta koya mana, ashe ba da mu take magana ba.

Kwanaki rediyo ya ce tekun ya fara ɗumi. Baba, wanda yanzu ya fi Dada ta wancan lokacin tsufa, ya kira ni a waya. Ya ce ya raba irinsa uku.

“Kin san,” in ji shi, “a duk rayuwar Dada, ran nan ne kaɗai ta yi min magana mai tsawo.”