"Sama-sama" da fuskar Mama Bose

Jama'a, kalma guda ta jawo mini nadama yau!

Kwanakin baya Mama Bose, Bayarabiyar da ke sayar mana da manja a Sabon Gari, ta nuna mini man sitiroyid da likita ya ba ta saboda ƙaiƙayin ƙafa. Na karanta kwalin a tsanake, na ce, "Mama, ki riƙa shafawa sama-sama." Nufina kaɗan.

Yau na tarar da fuskarta duk ƙuraje!

Na ce, "Subhanallahi! Me ya faru?"

Ta ce, "Ɗana, ba kai ka ce sama ba? Ai fuska ce sama!"

Na tari keke, muka nufi asibiti a Samaru. A bakin ƙofa ta ce, "Wannan karon, kai tsaya waje."