Jarkar da Israel ya wanke sau bakwai

Ranar Asabar, 21 ga Fabrairu 2004, ɗana Israel ya tashi ƙarfe biyar da rabi, domin ranar ce ake sakar wa layin gonakinmu ruwa daga babban kanal. Ban gan shi ba, tashin babur ɗinsa kawai na ji. Ita ce ranarsa ta ƙarshe da lafiya, saboda haka zan faɗe ta yadda ta zo.

Ƙarfe bakwai ya dawo, wando a jiƙe har gwiwa, ya sha kunu a tsaye. Uwarsa Sabina ta ce ya zauna kamar mutum. Ya ce, "Mama, in na zauna Baba Iliyasu zai shanye mini ruwa, ya ce kuskure ne."

Ƙarfe tara yana gona, ana tsinkar tumatir. Ƙarfe goma sha biyu ya raka kwanduna goma sha takwas zuwa kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Ƙarfe biyu ya ci shinkafa da wake, ya yi barcin rabin awa a kan benci da takalminsa. Ƙarfe uku ya kwance injin ban ruwan wani maƙwabci a ƙofar gida, ya ɗaure. Ƙarfe huɗu da kwata ya same ni a gindin mangwaro ina karatun jarida, ya tsuguna, ya rage murya.

"Baba, kumfa ta tsaya. Ta nuna."

Ruwan inabi yake nufi. Na ce, "A me ka zuba shi ma? Ba tulun ya fashe ba?"

"Jarka na samu. Kada ka damu, sau bakwai na wanke ta, da omo da toka da ruwan zafi."

"Wace jarka?"

A daidai nan mai gidanmu Malam Iliyasu ya yi sallama, muka koma zancen farashin taki. Ban sake ɗauko tambayar ba.

An haifi Israel a Zariya a 1978, ina shekarar ƙarshe ta karatun aikin gona. Yana da shekara shida aka turo ni Kura a matsayin malamin gona, muka kama haya a sashen gidan Malam Iliyasu, ba mu kuma tashi ba. Malam Iliyasu ne ya mayar da ni Malam Ibrahim, ya mayar da yaron Isra'ila. Israel bai son aji. Ya gama sakandare da ƙyar, ya ce ya isa haka. Amma duk abin da ke da murfi sai ya buɗe ya ga cikinsa. Ya taɓa ƙyanƙyashe ƙwan zabi da kwali da fitilar ƙwai, bakwai cikin ashirin suka fito, ya yi wata guda yana binciken abin da ya kashe sauran. Da ya cika ashirin, Malam Iliyasu ya yankar masa eka ɗaya kusa da tasa, ya ce, "Ubanka ya iya faɗa, kai ka zo ka iya yi."

A Kirsimeti ne gwaggonsa Anita ta zo daga Jos da kwali guda. A ciki akwai gwangwanin ruwan inabi mai kauri, da ƙullin yis, da bututun roba, da takardar bayani, da ƙaton tulun gilashi wanda ya fashe a hanya. A watan Maris zan yi ritaya. Na taɓa gaya wa Israel cewa sau ɗaya na sha jan ruwan inabi a gidan wani malaminmu, ban manta ɗanɗanonsa ba. Ashe ya riƙe zancen. Shi ya roƙi gwaggonsa, don ya ba ni kofi ranar da na ajiye aiki.

Tun da aka fara shari'ar Musulunci a Kano ba wanda ya taɓa ce mana uffan, amma mun ƙara kiyayewa. Na ce masa, "Ba a gidan nan ba. Shekara ashirin mutumin nan bai ga abin ƙi a wurinmu ba." Sai ya kai kayan bukkar gona, inda ake ajiye fatanya da injin feshi. Mako bakwai ban taka bukkar ba. Da gangan na ƙi zuwa, don in an tambaye ni in ce ban gani ba, ba tare da na yi ƙarya ba.

Aikina na shekara ashirin, rabinsa magana ɗaya ce: jarkar maganin feshi in ta ƙare, a huda ta, a binne. Roba tana shan maganin. Ruwa ba ya fitar da shi duka, amma mai da barasa suna jawo shi. Manoma su gyaɗa kai, washegari in ga jarkar a bayan keke cike da ruwan sha. Israel ya ji wannan jawabi ya fi sau ɗari, tun yana riƙe mini allo.

Ranar Lahadi bayan mun taso daga coci ya ce zai leƙa gona ya ɗanɗana kafin ya ɗura a kwalabe. Ƙarfe biyu ya fita. Ƙarfe huɗu saura kwata Malam Iliyasu ya kawo shi a bayan akori-kura. Gumi ya jiƙa rigarsa, yawu na zuba, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar bakin allura. Na sha ganin wannan ido a wurin masu feshi. Na gane shi tun a ƙofar gida.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ce, "Ya yi feshi yau?"

Na ce a'a.

"To me ya ci, me ya sha?"

Malam Iliyasu yana tsaye, kan Israel a hannunsa, yana cewa, "Isra'ila, buɗe ido, ɗan nema, wa zai gyara mini inji?" Na dube shi. Na ce, "Ban sani ba."

Suka sa masa ƙarin ruwa, suna zaton amai da gudawa ne. Akwai agogo a bangon ɗakin. Minti arba'in na yi kafin na ja likita gefe na gaya masa. Allurar da ake bukata guda uku ce kawai a asibitin. Suka yi masa su, suka ce mu wuce Kano. Ya cika a hanya, mun ɗan gota Karfi, ƙarfe shida saura minti goma.

Daga baya likitan ya ce mini mai yiwuwa minti arba'in ɗin ba su canza komai ba. "Mai yiwuwa" ya ce. Na tambaye shi sau biyu, bai ƙara a kai ba.

Da muka dawo daga jana'iza a ƙauyenmu, Malam Iliyasu ya zo ya zauna a bencin nan. Sannan ya ce, "Malam Ibrahim, ai na sani tun watan jiya. Warin ya ishe ni har gonata. Na yi shiru ne don kada in ba ka kunya." Ya share fuska da hularsa. "Da ɗayanmu ya buɗe baki, akwai sabuwar randa a ɗakin matata Barira, ko ruwa ba a taɓa zuba mata ba."

Babur ɗin mun ba ɗan gwaggonsa. Tufafinsa Sabina ta kai coci, ban da rigar da ya saka ranar Asabar, wadda ta ƙi wankewa. Akwatin sifanu da kayan gyaransa yana wurin Malam Iliyasu. Tumatirin da ya rage a gona mun ce masu tsinka su kwashe. Takardar bayanin tana cikin Littafina Mai Tsarki. A gefenta ya rubuta ranar da ya zuba yis, da ranar ritayata, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Jarkar ni na je na ɗauko. Mai lita ashirin ce, takardar jikinta ta goge, sai jan layin ƙasa da ke nuna mafi dafi. Kofi uku ya sha, bisa ga abin da ya ragu. Muka auna taki ɗari daga kanal, Malam Iliyasu ya haƙa rami har ƙugu. Na tsiyaye abin a ciki, launinsa ja, garau, ba laka ko kaɗan. Na huda jarkar wuri shida da diga, na jefa, muka mayar da ƙasa.